Anga da Alƙalami

Mutumin da aka haifa nesa da teku, in aka ce masa ƙasa kaza tana da ƙarfin sojan ruwa, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ƙarfe: jirage nawa gare ta, bindigogi nawa, wane jirgi ya fi wani tsawo da gudu. Haka ma jaridu suka saba yin lissafinsu, domin ƙarfe yana da kyan hoto. To amma akwai wani lissafin da ba ya fitowa a hoto, wanda kuma ya taɓa ɗaure jirgin rundunar ruwan Amurka a tasha ba tare da wani maƙiyi ya harba masa ko harsashi ɗaya ba.

A shekarar 1980 ne abin ya faru. Wani jirgin dakon mai na rundunar, mai suna Canisteo, wanda aikinsa shi ne shayar da jiragen yaƙi mai a tsakiyar teku, yana tsaye a tashar Norfolk. Lokacin tashi ya yi, sai kwamandansa ya sanar da manyansa cewa ba zai fitar da shi ba, domin ba shi da isassun ƙwararrun da za su kula da tukwanen tururi da injuna, kuma fita a haka sai da ran jama'a ne. Ga jirgi, ga mai, ga umurni, amma hannuwan da suka san aikin sun ajiye kaki sun tafi neman abinci a wani wuri. A wannan zamani shugaban rundunar, Admiral Thomas Hayward, yana kokawa da cewa rundunarsa ta rasa wajen ƙananan shugabanni dubu 20, wato masu igiya irin na saje da samanja, har ya kwatanta yadda gwanaye suke ficewa da zubar jinin da ya ƙi tsayawa. Duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa babbar runduna take ware wasu mutane musamman domin su zauna da matasa su yi musu zancen gobensu, to daga wannan jirgi da ya kasa tashi ya kamata ya fara.

Asalin matsalar shi ne aikin soja gida ne mai ƙofa ɗaya, kuma ƙofar tana can ƙasa. Kamfanin da ya rasa babban bakanike yana iya shiga kasuwa ya ɗauko wani da ya ƙware a wani wuri, ya ƙara masa albashi, gobe ya kama aiki. Runduna ba ta da wannan dama, sai a wasu ƴan sana'o'i kamar likitanci. Kusan kowane ƙaramin sojan ruwan Amurka yana shigowa ne ta sansanin horo guda ɗaya da ke Great Lakes a jihar Illinois, ya fara daga tsanin farko, ya hau sannu a hankali. Saboda haka bakaniken da ya shekara goma yana sauraren kukan inji har ya san lafiyarsa da kunne, in ya tafi, ba a samun madadinsa sai an jira wasu shekaru goma. Waɗanda ake koya wa sarrafa makamashin nukiliya na jiragen ƙarƙashin ruwa da manyan jirage masu ɗaukar jiragen sama su kan yi kusan shekara 2 a makaranta, galibi a kusa da Charleston, kafin su taka jirgi, shi ya sa ake ɗaure su da alkawarin shekara 6 tun daga farko. Ranar da shekarun nan suka cika kuwa, kamfanonin wutar lantarki suna bakin ƙofa suna jira da albashin da ya fi na gwamnati. Malaman makaranta ba su buƙatar dogon bayani a nan, domin sun san bambancin ajin da tsohon hannu yake riƙe da shi da wanda aka damƙa wa sabon ɗan kwantaragi, ko da kuwa allo da alli duk ɗaya ne.

A da can, ba wanda ya damu da lallashin matuƙan jirgi. Ingila, lokacin da take sarauniyar teku, ƴan kame take aikawa tashoshi da mashaya su tattaro maza da ƙarfin tsiya, har ma ta riƙa tsayar da jiragen Amurka tana kwashe mutane daga cikinsu, abin da ya zama ɗaya daga cikin dalilan yaƙin 1812 tsakanin ƙasashen biyu. Sai a 1853 ta fito da tsarin ɗaukar mutum aiki na dogon wa'adi mai fansho a ƙarshe. Amurka kuwa ta hana bulala a jiragenta a 1850, amma har bayan yaƙin duniya na biyu tana da wata bulalar da ba a gani, wato dokar shiga soja ta tilas. Rundunar ruwa ba ta cika ɗaukar mutane ta wannan hanya ba, sai dai ta ci moriyarta ƙwarai: saurayin da ya san takardar kira tana tafe, musamman a zamanin yaƙin Biyetnam, ya gwammace ya kai kansa jirgi da a tura shi daji da bindiga. Irin wannan mutum jikinsa ne kawai yake cikin jirgi, yana ƙirga kwanaki. A 1970, cikin waɗanda suka gama wa'adinsu na farko, waɗanda suka yarda su sake sa hannu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

A wannan shekara ce aka naɗa Admiral Elmo Zumwalt shugaban rundunar yana da shekara 49, kuma ya tarar an riga an yanke shawarar kawar da dokar tilas, bayan rahoton kwamitin Thomas Gates da ya fito a watan Fabrairu. Abin da ya fara yi ya ba dattawan rundunar haushi: ya kafa ƙananan kwamitoci na matasan hafsoshi da ƙananan sojoji, ya ce su zo su faɗa masa da bakinsu abin da yake korar su. Amsoshin ba su tsaya kan kuɗi ba. Sun yi maganar doguwar rabuwa da iyali, da wulakancin da babu gaira babu dalili, da dokokin aski da na sutura, da jiran layi, da wariyar launin fata. Daga nan ya riƙa aika saƙonni kai tsaye zuwa ga kowane jirgi, waɗanda aka yi wa laƙabi da Z-gram, har guda 121. Ɗaya ya halatta gemu, wani ya ba matan sojoji wakiliya mai isar da kokensu ga kwamanda, wani ya yi magana kan daidaita baƙi da farare, wani kan buɗe wa mata ƙofofin aiki. Ba duka suka ɗore ba. Gemun ma an sake hana shi daga farkon 1985. Kuma rikicin launin fata da ya ɓarke a jiragen Kitty Hawk da Constellation a ƙarshen 1972 ya ba masu adawa da shi abin faɗa. Duk da haka, lokacin da ya sauka a 1974, masu sake sa hannu bayan wa'adin farko sun ninka wajen sau uku.

Cikin wannan guguwa ce, a 1972, shekara guda kafin dokar tilas ta ƙare a tsakiyar 1973, aka mai da ba da shawarar aiki sana'a mai zaman kanta a rundunar, mai suna da alama kamar sauran sana'o'i. Kowane ƙaramin sojan ruwan Amurka yana ɗauke da tambarin sana'arsa a hannun riga, na mashawarcin aiki kuwa anga ce, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa ƙasan ruwa domin tsayar da jirgi, an gicciye ta da alƙalamin gashin tsuntsu. Akwai wata ƙa'ida mai ma'ana a tattare da sana'ar: sabon shiga ba ya neman ta. Sai mutum ya yi shekaru a wata sana'ar, ya sami igiyoyinsa, ya sha zaman teku, sannan ya nemi a mai da shi mashawarci. Hikimar a fili take. Yaron da ya wuni a ɗakin inji cikin zafi ba zai saurari wanda bai taɓa kwana a gado mai hawa uku ba, bai kuma taɓa samun labarin haihuwar ɗansa yana tsakiyar ruwa ba. Sana'ar ta rabu biyu: wasu suna cikin garuruwa suna neman sababbin shiga, wasu suna cikin jirage da sansanoni suna kula da waɗanda suka riga suka shigo. Na biyun su ne abin magana a nan. A ƙananan rukunoni ma, sau da yawa wani ne daga wata sana'ar ake ɗora wa aikin a kan nasa.

Wanda ya leƙa ofishin mashawarci zai ɗauka akawu ne kurum, kuma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Rabin aikin kwanan wata ne. Wa'adin wane zai cika yaushe, yaushe ne lokacinsa na barin teku ya koma aikin tudu, yaushe ƙofar neman canjin sana'a za ta buɗe ta rufe, wa ya isa zama jarrabawar ƙarin girma, wa ya kusa cika shekarun da doka ta yarda mutum ya yi a muƙami ɗaya kafin a sallame shi. Can a Millington, cikin jihar Tennessee, inda ofishin kula da ma'aikatan rundunar yake, akwai masu rarraba mutane zuwa jirage da tashoshi, kowannensu yana riƙe da sunaye masu ɗimbin yawa waɗanda bai taɓa ganin fuskokinsu ba. Mashawarci shi ne wanda ya san fuskar. In ya yi sakaci da wata guda, yaro yana iya rasa kuɗi masu yawa, ko a tura shi inda bai so, ko ya wayi gari a waje alhali yana son zama. Takarda a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ce.

Sauran rabin kuwa zama ne. Dokar rundunar ta tanadi cewa a kira kowane ƙaramin soja gaban wani ɗan kwamiti jim kaɗan bayan isowarsa, sannan a sake kiransa lokaci-lokaci. A ciki akwai babban samanjan jirgi, da shugaban sashensa, da mashawarci. Tambayar da ake yi masa mai sauƙi ce a baki: ina kake son ka kai, me kuma ya tare maka hanya? Yaro ɗan shekara 19 wanda ya shiga soja don ya tsere wa garinsu ba lalle ne ya taɓa jin wani babba ya yi masa wannan tambaya ba. A nan ne ake gaya masa cewa sana'ar da yake ciki ta cika maƙil, ƙarin girma a cikinta sai an yi da gaske, amma ga wata can tana neman mutane, kuma makin da ya ci a jarrabawar shiga soja ya ishe shi, ko kuwa ya sake zama ya ƙara. A nan ne yake jin cewa akwai hanyar da ƙaramin soja yake bi ya zama hafsa, kamar yadda Jeremy Boorda ya shiga a matsayin kurtu a 1956 ya zama shugaban rundunar baki ɗaya a 1994. A nan ne kuma yake gane cewa kuɗin karatun jami'a da dokar 2008 ta tanadar wa sojoji yana iya mai da su ga matarsa ko ƴaƴansa, da sharaɗin ya yi shekara 6 ya kuma ɗauki alkawarin ƙarin 4. Duk waɗannan abubuwa a rubuce suke, kowa yana iya karantawa. Sai dai rubutun hukuma kamar rijiya ce mai zurfi, ruwa na ciki, amma sai da guga.

Masu wannan aiki sun daɗe da lura cewa mutum ɗaya ake ɗauka soja, amma gida guda ne yake yanke shawarar zama. Jirgi ya kan yi wata 6, wani lokaci 8 ko 9, bai dawo ba, kuma matar da aka bari da yara a garin da ba ta da kowa ita ma tana da nata lissafin. Mashawarcin da ya san aikinsa ya kan tambayi lafiyar gida kafin ya buɗe littafin kuɗi. Wani abin da yake buƙata shi ne a tura shi tashar da ke kusa da mahaifiyarsa mai ciwo. Wani so yake a bar shi wuri ɗaya har ɗansa ya gama makaranta. Wani kuwa ba abin da ke damunsa sai shugaban sashe mai zafin baki, wanda in an raba su shi ke nan.

Kada dai a ɗora wa magana abin da ya fi ƙarfinta. Akwai mashawarta a rundunar a 1980, ba su kuma hana Canisteo zama a tasha ba, domin a ƙarshen shekarun 1970 tsadar rayuwa ta cinye albashin soja, kuma daɗin baki ba ya biyan kuɗin haya. Abin da ya juya al'amarin shi ne ƙarin albashi na kashi 11.7 cikin 100 a watan Oktoba na 1980, da wani na kashi 14.3 a shekarar da ta biyo, tare da ƙarin kuɗin zaman teku. Akwai kuma tukuicin sake sa hannu, wanda aka tsara tun 1974 yadda zai bi buƙata: sana'ar da ake ƙarancin masu ita tukuicinta ya hau, wadda ta cika ya sauka ko ya ɓace, ana kuma duba ko mutum yana cikin shekarunsa 6 na farko, ko tsakanin 6 da 10, ko 10 da 14. A wasu sana'o'in ya kan kai dalar Amurka dubu 100. Gwamnati ce take ɗora kaya a kan faifai; mashawarci talla kawai yake yi, kuma in faifan babu kome, iya kirarinsa banza ne.

A nan ne aikin yake da ƙaiƙayi. Rundunar tana da wata lambar yabo da take ba jiragen da suka yi fice wajen riƙe mutanensu, kuma jirgin da ya samu ana ba shi izinin shafa wa angarsa fenti ruwan zinariya, yadda duk wanda ya wuce ta tashar zai gani. Kwamanda yana son wannan anga, domin tana shiga cikin abin da za a faɗa a kansa. Wanda ake dubawa in lissafi bai cika ba kuwa shi ne mashawarci. To ga yaro ya zo ya zauna, ya buɗe cikinsa, kuma duk mai hankali ya ga cewa alherinsa yana waje: ya sami gurbin karatu, ko aurensa yana gab da mutuwa, ko teku ta fara taɓa masa hankali. Me za a gaya masa? Wanda ya biya mashawarci albashi yana son sa hannu, wanda ya ba shi amana yana son gaskiya. Masu iya magana sun ce ba a gudu ana susar takashi, amma shi wannan bawan Allah abin da aka ɗauke shi yi ke nan kullum.

Wanda ya dubi abin da idon basira zai ga cewa gaskiyar ita ce ta fi amfanar rundunar kanta, ko da ta rage mata lissafin bana. Jirgi ƙauye ne mai yawo: matsakaicin jirgin yaƙi mutum wajen 300 ne, mai ɗaukar jiragen sama kuwa wajen dubu 5, suna ci tare suna kwana tare. In aka yi wa mutum ɗaya alkawarin makaranta ko tasha aka saɓa, kafin a gama cin abincin dare kowa ya ji, daga ranar kuma ofishin mashawarci ya zama wurin da ake shiga da kunne ɗaya. Wanda aka riƙe da dabara zai yi shekara 4 yana ɓata zukatan na ƙasa da shi. Wanda aka gaya wa gaskiya ya tafi kuwa, ya kan shiga rundunar wucin gadi, ko ya dawo, ko ya turo ƙanensa.

Sai dai amanar ba a hannun mashawarci kaɗai take ba, kuma shekarar 2011 ta nuna haka. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 aiki ya yi wuya a waje, sojoji suka ƙi fita, wasu sana'o'i suka cika suka batse. Tun 2003 an riga an fito da tsarin da ya wajabta wa mutum neman izini kafin ya sake sa hannu, wato kwamfuta ta auna shi da tsaransa ta ce ya zauna, ko ya canja sana'a, ko ya tafi. Da abin bai isa ba, sai aka kafa wani kwamiti ya duba takardun mutum wajen dubu 16 a sana'o'i 31, masu shekara 7 zuwa ƙasa da 15 a bakin aiki, ya zaɓi kusan dubu 3 aka sallame su, alhali wa'adin da suka sa wa hannu bai cika ba. A tsarin wancan lokaci kuwa, wanda bai cika shekara 20 ba ba shi da fansho. Mashawartan da suka zauna da waɗannan mutane a baya suka nuna musu alherin zama, su ne aka bar wa aikin cika musu takardun fita. Ba a daɗe ba aka shiga kukan ƙarancin mutane a jirage. A 2013 an sauya wa tsarin neman izinin suna da fasali, amma labarin 2011 ya daɗe yana yawo a bakin ƙananan sojoji, kuma duk mashawarcin da ya ce wa yaro rundunar ba za ta yashe shi ba ya san da wace shekara za a amsa masa.

Wani darasin ya zo a 2016, kuma masu sha'awar al'ada za su fi kowa gane shi. A ƙarshen watan Satumba, a zamanin sakataren rundunar Ray Mabus, aka sanar da soke sunayen sana'o'i 91 da ake kiran ƙananan sojoji da su, wasu tun farkon kafa rundunar, aka ce daga yanzu muƙami kawai za a ambata. Niyyar ita ce a sauƙaƙa canjin sana'a, a kuma kawar da sunayen da suka keɓanta ga maza. Sojoji suka tayar da ƙayar baya, takardar koke ta tara sa hannu sama da dubu 100, kafin ƙarshen Disamba aka mayar da sunayen. Duk wanda ya tashi inda ake kiran mutum da maƙeri ko majemi ko mahauci, har sana'a take da sarkinta, ba zai yi mamaki ba. Abin da mashawarci yake taɓawa in ya ce wa mutum ya bar sana'arsa ya koma wata ya wuce lambar da ke cikin kwamfuta.

Ranar da lissafin mutane ya karkace, a teku ake biya. A watan Yuni na 2017 jirgin yaƙi Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya a kusa da Japan, mutum 7 suka mutu. A watan Agusta John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai a kusa da Singafo, mutum 10 suka mutu. Binciken da aka yi ya ambaci gajiya, da ƙarancin horo, da yawan aiki a kan mutane kaɗan, bayan shekarun da aka yi ana rage yawan ma'aikatan jirage don tsimin kuɗi. A kan McCain, wasu daga cikin masu tsaron sitiyari a wannan asuba aro aka yi daga wani jirgin, Antietam, wanda na'urar tuƙinsa ta bambanta, ba su kuma sami horon da ya kamata ba. Ba mashawarci ne ya jawo wannan ba, ba kuma shi ne zai iya hana shi ba. Amma gurbin da aka cike da aro, wata rana can baya akwai mai shi.

Shekarun baya-bayan nan sun sake canja zancen da ake yi a ofishin. Daga farkon 2018 sabon tsarin ritaya ya fara aiki: fanshon mai shekara 20 ya ragu daga rabin albashi zuwa kashi 40 cikin 100, amma gwamnati tana zuba wa kowa wani abu a asusun ajiya wanda zai tafi da shi ko da bai kai 20 ba. An yi haka ne domin a tsohon tsari fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙananan sojoji suna fita hannu rabbana. Adalci ne, sai dai ya sassauta igiyar da take riƙe mai shekara 10, wanda a da ake ce masa ya daure ya ƙarasa. A lokaci guda ƙofar shiga ta yi ƙaranci masu ƙwanƙwasawa: a 2022 an ɗaga shekarun shiga zuwa 41, a 2023 kuma rundunar ta nemi sababbi dubu 37 da 700 ta rasa wajen dubu 7 daga ciki, kafin ta cika burinta a 2024. Duk gurbin da mai neman sababbi ya kasa cikewa, kan mashawarcin jirgi yake komawa.

Ga wanda ya yarda ya zauna, akwai wata al'ada mai daɗin gani. Shi ne yake zaɓen wurin da za a yi bikin da hafsan da zai ba shi rantsuwa, ko a kan jirgi, ko a wani wurin tarihi, ko a gaban iyalinsa. Kafin rantsuwar sai a miƙa masa takardar sallama, ya zama farar hula na ƴan daƙiƙoƙi, har a kan tambaye shi cikin raha ko yana da abin faɗa tun da yanzu ba mai iko da shi, sannan ya ɗaga hannu ya sake ɗaukar alkawari. Mashawarci ne ya shirya takardun, ya kan kuma tsaya a gefe.

Wanda ya ce tafiya zai yi, shi ma ofishin nan zai koma. Tun farkon shekarun 1990 akwai shirin taimaka wa masu barin soja, dokar 2011 ta mai da shi wajibi, daga baya kuma aka ce a fara shi aƙalla kwana 365 kafin ranar fita. Mashawarcin da ya yi wata da watanni yana nuna wa mutum dalilan zama, shi ne zai zauna da shi ya duba masa haƙƙinsa na asibiti da na karatu, ya nuna masa yadda zai fassara shekara 8 na ɗakin inji zuwa harshen da mai kamfani zai gane, ya tura shi ajin koyon neman aiki, ya sa hannu a takardar da ke shaida cewa an yi masa bayani. Wannan sa hannun ba ya shiga lissafin angar zinariya, kuma sau da yawa kafin tawadar ta bushe wani yaron yana tsaye a bakin ƙofa da tasa takardar.